Amsa: me ya sa jel ɗina ya rage shan ruwa da na ƙara masa hasken gamma?

Ɗan'uwa, ka ce jel ɗinka na PVP (wata polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi, da ke narkewa a ruwa) da aka haska a 25 kGy (ma'aunin yawan hasken gamma da abu ya sha) ya fi kumbura a kan wanda ya sha 50, har kana zargin sikelinka. Wallahi sikelin lafiyarsa ƙalau, haka abin yake.

Hasken gamma na kobal-60 (wani ƙarfe mai fitar da wannan haske), irin wanda ke cibiyar kimiyya ta Sheda a nan kusa da Abuja, ruwan da ka narka polima a ciki yake fara fasawa, ɓurɓushin OH da ke fita daga fasasshen ruwan su fizge haidirojin daga sarƙar polimar, sai sarƙoƙin su ɗaure da juna kamar ragar kamun kifi, kuma duk sanda ka ƙara haske ƙullin na ƙaruwa, idon ragar na tsukewa, to ruwa ina zai samu wurin zama? Jel ɗin zai yi ƙwari amma shan ruwa ya ragu.

Wajen awon kumburar kuwa, busar da shi ka auna, ka jiƙa a ruwan distil (tataccen ruwan da aka samu daga tururi), kana cirowa lokaci-lokaci ka goge saman da takardar tacewa (goge kawai, kar ka matse, nan yara ke ɓata sakamako) ka sake aunawa har nauyin ya tsaya. Daga nauyin jiƙaƙƙe ka cire na busasshe, ka raba da na busasshen, shi ne yawan kumburar.

Sannan ku a Jos da sanyin hunturu, rubuta zafin ruwan kullum, yana canza saurin kumburar. Batun tsoron taɓa shi kuma, gamma ba ya barin komai a jikinsa, ɗauka da hannu abinka.