Yaran Baltimore Orioles suna taɓuka wani abu kuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki, ɗana na karatu a Amurka kullum zancensa besbol, wai kulob ɗin Orioles na da yara a ƙananan lig. Suna ƙoƙari kuwa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Alhaji ai ɗanka bai yi ƙarya ba. A besbol galibi yaro ba ya faɗawa babban lig kai tsaye, sai ya bi matakai, Single-A, High-A, Double-A sannan Triple-A, kuma na Orioles na ƙarshen shi ne Norfolk Tides, su suka ci kofin Triple-A a 2023.

Ka ɗauki Jackson Holliday, shi aka fara zaɓa a zaɓen matasan 'yan wasa na 2022, Orioles suka ɗauke shi, a 2023 ya haye matakai huɗun nan a kaka ɗaya, kowa na ta zuzuta shi, amma da aka kira shi babban lig a Afrilun 2024 sau 2 kacal ya yi bugu mai kyau cikin yunƙuri 34, dole aka maida shi Norfolk sai ƙarshen Yuli ya dawo. Ni dai gani nake an yi masa garaje. Shi kuwa Gunnar Henderson, wani yaron Orioles ɗin, tuni ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na American League, ɗaya daga rukunoni biyun babban lig, a 2023.