Tambaya da Amsa: Ziyarar Kufan Salinas a Jihar New Mexico

Tambaya: Malam, zan je Albuquerque a Amurka, ina kuma son ganin kufan cocin Sifaniyawa da tsoffin garuruwan 'yan asalin ƙasar. Ina zan nufa a yini ɗaya? Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Malama, ki nufi Salinas Pueblo Missions, kusa da garin Mountainair, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Kufai uku ne, shiga kyauta: Quarai, kilomita 13 arewa da garin, Abó, kilomita 14 yamma, sai Gran Quivira, kilomita 40 kudu.

Mutanen Pueblo, wato 'yan asalin ƙasar masu waɗannan garuruwa, sun daɗe a nan suna fataucin gishiri kafin 'yan mishan na Faransiskan, wata ƙungiyar limaman Katolika da ta zo tare da Sifaniyawa, su iso a shekarun 1620, su sa su aikin gina coci. Fari da yunwa da hare-haren ƙabilar Apache ne suka watsa garuruwan a shekarun 1670. A Abó da Quarai ki lura da kiva, wato ɗakin ibadar mutanen Pueblo na cikin ƙasa, a tsakiyar gidan limaman cocin. A ganina shi ya fi cancantar tsayawa.

Ki sha mai a Mountainair, ki riƙe ruwa kamar lita 3. Wurin tudu ne, kusan mita 2,000, numfashi kan yi nauyi. Kada ki bar turba saboda macizai, kada ki hau bango don duwatsun na sakin jiki. Ɗaukar ko tsingaro ɗaya laifi ne a dokar tarayya.