Filin Tambaya da Amsa: 'Yata Ba Ta Rarraba Kaya Sai Ta Launi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina da 'ya mai shekara uku da rabi, kuma malamarsu ta ba mu shawarar mu riƙa koya mata rarraba abubuwa a gida, wato ta ware masu kama da juna wuri guda. Idan na zube mata murafen kwalabe na ce ta ware jajaye daban, shuɗɗa daban, nan take za ta yi babu kuskure. Amma da zarar na ce yanzu mu ware manya da ƙanana, sai ta koma ga launi, in na gyara mata kuma ta ɓata rai ta watsar da komai. Shin wannan alamar jinkirin fahimta ce? Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana shi ne abin da ake gani ga yawancin yara masu shekarunta, kuma masana sun daɗe da saninsa. Tun a shekarun 1990 wani masanin halayyar yara mai suna Philip Zelazo da abokan aikinsa suka tsara gwaji da katuna masu hoton jan zomo da shuɗin kwale-kwale. Ana fara sa yaro ya ware katunan ta launi, daga baya a ce masa an sauya wasa, yanzu ta siffa za a ware. Yawancin 'yan shekara uku sukan ci gaba da bin ƙa'idar farko ko da ana maimaita musu sabuwar a kan kowane kati, har ma wani yakan faɗi sabuwar ƙa'idar da bakinsa daidai amma hannunsa ya kai katin inda ya saba. Zuwa shekara biyar, mafi yawansu suna sauyawa ba tare da wahala ba. Dalili kuwa shi ne, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taimaka wa mutum ya danne abin da ya saba ya ɗauki sabon umarni, yana daga cikin sassan da suke jinkirin kammala girma.

Saboda haka, 'yarki ta riga ta gane ma'anar rarrabawa. Abin da yake mata nauyi shi ne kallon murfi guda ta fuska biyu a zama ɗaya. A nan ne nake ganin ya kamata ki gyara yadda kike shirya kayan. Idan kina son ta lura da girma, ki kawar da launi daga gabanta gaba ɗaya. Ki tara murafe masu launi iri ɗaya, wasu manya sosai wasu ƙanana sosai, ki ajiye kwano biyu, ki sa samfuri guda a cikin kowanne, sannan ki ɗauki na farko ki ce, "Wannan babba ne, ga gidan manya." Bayan kin yi biyu ko uku, sai ki miƙa mata ɗaya ki yi shiru ki jira. Wannan dabarar ta bambanta kaya da sifa ɗaya tak ita ce Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta gina kayan koyarwarta a kai. Daga cikinsu akwai gutsattsarin katako guda goma masu launi ɗaya da siffa ɗaya, waɗanda faɗinsu ya tashi daga santimita 1 zuwa 10, ta yadda babu abin da zai ja idon yaro sai girma kaɗai.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci, kodayake iyaye da yawa suna tsallake shi saboda ɗokin ganin an yi daidai. Idan ta ajiye wani abu inda ba ki zata ba, kafin ki mayar da shi ki tambaye ta, "Me ya sa wannan ya zauna nan?" Sau da yawa za ki tarar tana da hujjarta: wataƙila ta haɗa farin murfi da shuɗi ne saboda dukansu suna da rubutu a kai, abin da ke ba ki ma lura da shi ba. Yaron da ya iya faɗin dalilin da ya sa ya haɗa abubuwa biyu ya fara aikin tunanin da daga baya zai buƙata wajen lissafi da karatu, inda dole ya gane cewa haruffa masu kama da juna suna da bambanci. Wata rana ma ki bar ta ta tsara rukunanta da kanta, ke kuma ki yi ƙoƙarin cankar ƙa'idar da ta bi. Minti biyar zuwa goma sun isa, kuma da kin ga ta fara gundura sai a tashi. Haɗa safa da 'yar'uwarta bayan wanki, ko jera takalman manya daban da na yara, duk darasi ne da ba ya buƙatar a sayi komai.

In har launi ne ya zama matsala, misali yaro yana yawan rikita ja da kore bayan tsaransa sun wuce wannan matakin, yana da kyau likitan ido ya duba shi, domin raunin bambance launuka gado ne kuma ya fi yawa ga maza.

Tambaya: Malama, ɗana shekararsa biyu, kuma duk abin da ya samu baki yake kai shi. Ya isa a fara koya masa wannan? Daga wani uba.

Amsa: Ya isa, Malam, amma da sharaɗi. Ka nisanta shi da maɓallai, duwatsun wuya, tsabar kuɗi da ƙananan murafe, domin suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. Ka zaɓi kayan da suka fi ƙarfin bakinsa, kuma kada a bar shi da su shi kaɗai. A wannan shekarun ana farawa ne da abubuwa iri biyu da suka sha bamban ƙwarai, kamar manyan ƙwallaye da takalma, kana kiran sunan kowanne yayin da yake jefa shi a kwandonsa. Idan ya haɗa biyu ko uku daidai sannan ya kife kwandon, ka tattara tare da shi, gobe a sake.