Talatar masunta da zuwa bakin teku a Elmina

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin da ka tambaya kafin ka tafi. Ka ce tun da ka fara karatu a Cape Coast ka lura masunta ba sa fita ranar Talata, abokanka kuma sun shirya zuwa Elmina shan iska, kana son sanin ko wannan doka ta hau kanka kai Musulmi, da yadda ake yi a bakin teku.

Talata a wurin Fante da Ga, ƙabilun bakin tekun Ghana, rana ce da suka keɓe wa abin da kakanninsu suke bauta wa a teku. Wannan imaninsu ne, babu ruwanka da shi. Amma dokar gari ce kuma, sarkin masunta ne yake tsaronta, wanda ya tura jirgi ruwa ranar sai a ci shi tara. A ranar ne suke ɗinkin koma, su toshe inda jirgi ke yoyo, su duba inji, su zauna a sasanta rigimar bashi da ta rabon kifi. Don haka kada ka je da ƙugiya ka ce za ka gwada, kada kuma ka tsaya musu da dattijo a kan asalin abin. Baƙo bai isa ya gyara wa mai gida tsarin gidansa ba, mutanen zango kuma da haka suka zauna lafiya da su tun kaka da kakanni. Wanka ma ka bar shi ranar Talata, don babu jirgi ko ɗaya a kan ruwa da zai tsamo mutum in ruwa ya ja shi.

Jan ruwan nan shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Teku ba kogi ba ne. Raƙuman ruwa suna ta tura ruwa gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya a cikin yashi ya fita da gudu ta wuri ɗaya. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya: ruwan ya ɗan yi duhu, ba ya fashewa da farin kumfa, kana ganin shara da ganye suna tafiya ciki. Nan baƙi suke zaɓa, nan kuma suke halaka. Kafin ka jiƙa ƙafa, tsaya a tudu kamar minti 10 kana kallo, sannan ka tambayi ɗan gari inda yaransu suke wanka. In ba ka iya iyo sosai ba, kada ruwa ya wuce gwiwarka. In kuwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya ce take kashewa. Ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo a kaikaice, gefe da gefe da gaɓar, har ka fita daga hanyar. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan yakan yi sanyi, kuma lokacin ne kifin sadin ke cika kasuwa.

Teku yana cika ya janye sau 2 a yini da dare, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Dutsen da kuka zauna a kai da hantsi, da azahar yana iya zama a tsakiyar ruwa. Kada ka taka inda gansakuka ta yi kore, kada kuma ka ba teku baya kana ɗaukar hoto.

In ka tarar ana jan koma daga gaɓa, yi sallama ka kama igiya a bayan layi. Al'ada ce a ba wanda ya taya ɗan kifi, amma a jira a miƙo, ba a sa hannu a ɗiba. Kada ka hau jirgin mutane ko ka tsallake komar da aka shanya, kuma ka nemi izini kafin hoto, musamman wurin matan da ke banda. Cinikin kifi a hannun mata yake. Ka ɗaga marfin da ke gefen kan kifin: cikin ya zama ja, ido garau, in ka danna jikin ya dawo.

Abincin rana a can dokunu ne, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da shito, wato baƙin yajin da aka soya da mai, da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa. Dokunun Fante a ganyen ayaba ake naɗe shi, na Ga kuma a ɓawon masara. Kifi da kaguwa da jatan lande duk halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa: ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ke nan alwalarka da ruwan gishirin ta yi. Abin tambaya shi ne man suya, don wasu rumfuna suna soya naman alade a kasko ɗaya. Ku zauna nesa da masu shan giya, kuma wandon wankanka ya rufe gwiwa.

Hawa tudun St. Jago ku bar shi sai bayan la'asar. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ku shiga ta da natsuwa, don ɗakunan da aka tsare bayi ne, cikinsu har da waɗanda aka koro daga arewa. Daga nan ku haye gada ku hau tudun St. Jago, inda Turawan Holan suka kafa bindigogi suka ƙwace ganuwar a 1637. Daga sama za ka ga tafkin Benya maƙil da jirage masu tutoci. A wannan tafkin ake bikin Bakatue, Talatar farko ta Yuli. Kallo babu laifi, amma in an zo zuba wa ruwa abin sha da abinci, ka ja baya ba tare da ka ce uffan ba.

Ku sauko da sauran haske, ku yi magariba a cikin gari, sannan ku nemi mota. Ka gaida mutanen zangon Kotokuraba.