Maganar goɗiyar nan taku

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso tun ranar Talata. Na saurare shi sau biyu, na farko ina dariya, na biyu kuwa dariyar ba ta zo ba. Maganar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaitsaye, shi ya sa na zaunar da ƙanwarka ina faɗa tana rubutawa, don idona ba ya jimirin ƙananan baƙaƙen wayar nan.

Ka ce kai da abokanka biyu kun haɗa kuɗi kun sayi goɗiya 'yar Cadi, shekararta huɗu, ta ci sukuwa uku a jere a Kano, yanzu kuma gardama ta kaure. Ɗaya na cewa a ci gaba da sa ta tunda tana kan ganiyarta, ɗaya na cewa a kai ta barbara tun ƙafarta na lafiya. Kai kuma kana son Baffa ya faɗa maka abin da al'ada ta ce. To wace al'ada? Da kakanka, Allah ya jiƙansa, yana raye ka je masa da wannan tambaya, kafin ya amsa sai ya tambaye ka wane mara kunya ne ya ɗaura wa goɗiya sirdi ya shiga da ita taron maza.

A tasowarmu ingarma ake hawa. Ba wai raini ba ne kawai, akwai dalili. Ka saka goɗiya ɗaya mai neman barbara cikin dawaki ɗari ranar hawan salla, ka ga yadda rawuna za su zube a ƙasa. Goɗiya tana ƙauye, a turke bayan gida, tana cin harawarta da dusa da kanwa. Ita ce rumbun da ba a zuba masa hatsi. Kakanka yakan ce, mai ingarma yana da suna, mai goɗiya yana da gobe. Larabawan sahara kuwa a da goɗiya suke so a wajen hari, don ba ta haniniya ta tona musu asiri. Ka ga kowa da abin da ya kai shi ga doki.

Muna da wata goɗiya gunya a gidanmu, ba ka taɓa jin labarinta ba, don mahaifinka lokacin yana rarrafe, ni kuma ba labarin da nake son bayarwa ba ne. Kakanka da wani amininsa suka haɗa suka saye ta, kiwo a hannunmu, 'ya'ya a raba. Ni ke kai ta tafki shan ruwa. Ba sirdi, ba linzami, ragama kawai. A hanyar tafkin nan na gane abin da ke cikin ƙafarta, don in na sake mata kai ba na jin bugun kofato, sai iska a kunnena. A ƙarshen daminar 1964 kakanka ya kai ta wajen wani ingarma ɗan Azbin a garin da ke gaba da mu, ya biya da damman gero, ya dawo ya kafa mini doka: tafki da gida, da tafiya, ba gudu.

Ƙaramar sallar 1965 ta faɗo cikin sanyi, hazo ya rufe gari. Washegari aka aiko wa kakanka da rasuwa daga wajen Maraɗi, ya tafi. Da la'asar samari suka fito sukuwa a fegin bayan kasuwa, daga gindin kuka zuwa bakin rafi. Na zo wucewa da ita daga tafki, sai ɗan hakimi, yana kan wani akawal da ake ji da shi, ya ce, "Ku ba mai kishiyar jaki hanya." Aka kwashe da dariya. Shekarata goma sha huɗu. Ka san abin da dariya ke yi wa yaro a wannan shekaru.

Na shiga layi. Ban ma tuna wa ya ba da alama ba. Abin da na tuna, kafin mu kai rabi na daina ganin kowa a gefena, sai ƙura a bayana, sai gezarta tana dukana a fuska. Da na juyo daga bakin rafi mai kalangu ya riga ya sauya kiɗa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wani ya liƙa mini sule biyu a goshi. Ni da ko takalmi ba ni da shi! Ɗan hakimi ya ce majayinsa ne ya kwance, a sake ranar kasuwa, a kuma ƙara nisa, a je marke a dawo.

A daren nan ta bar rabin dusarta. Na gani da idona, na ce gajiya ce. Da safe tsohon da ke kula da bargar hakimi ya biyo ta ƙofar gidanmu, ba kiransa aka yi ba. Ya shafa cikinta, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yaro, jiya kyauta ta ba ka. Kada ka mai da ita bashi." Na ce to. Amma kirarin da aka yi mini bai bar kunnena ba, kuma duk inda na bi sai a ce ga mai gunya nan. Ranar kasuwa na fito da ita.

Ta sake ci. Na so a ce ba ta ci ba, da labarin ya fi sauƙin bayarwa. Akawal ɗin ya bi ta kafaɗa da kafaɗa tun daga marke, ina jin numfashinsa a gwiwata, na sa mata dunduniya, abin da ban taɓa yi ba, ta miƙa wuya ta wuce shi da kai ɗaya. Aka ƙara mini sule biyu. Da na sauka jikinta na rawa, kumfa har ƙirji. Cikin dare na ji tana kwanciya tana tashi. Da asuba na fita da aci-balbal na tarar da abin a cikin ƙasa, bai fi kyanwa girma ba, ba gashi, amma kofatansa sun fito ƙanana ƙanana. Namiji ne. Wata biyar. Na binne shi bayan rumbu, ita kuma tana tsaye tana shinshina wurin.

Kakanka ya dawo bayan kwana uku, labari ya riga ya tarye shi a hanya. Na shirya wa bulala, bulala ba ta zo ba. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya ce, "Nawa aka ba ka?" Na ce sule huɗu. Ya ce, "Ashe ka iya ciniki. Ka sayar mini da doki sule huɗu." Shi ke nan abin da ya faɗa. Sai dai ya sa ni a gaba har gidan amininsa, mai rabin ɗan, ya ce in yi masa bayani da bakina. Daga baya da na je Vom, kusa da Jos, karatun aikin dabbobi na koyi cewa akwai cututtuka da ke sa goɗiya ɓari ko ba ta yi gudu ba, kuma a Ingila ana barin ta ta yi tsere har kwana 120 da ɗaukar ciki. Na san wannan duka. Bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Shekara goma bayan haka, a 1975, Amurkawa suka yi irin wautata, sai dai tasu a gaban duniya. Suna da wata goɗiya Ruffian, ta yi tsere goma ba a taɓa shan gabanta ba. Sai aka ce a haɗa ta ita kaɗai da dokin da ya ci babban tseren Kentaki a shekarar, a ga mace da namiji wa ya fi. Tana gaba ƙafarta ta karye, ta ƙi tsayawa, ta ci gaba da gudu a kan karayar. Aka yi mata aiki bai yi ba, aka kashe ta. Da na ji labarin ban ga baƙon abu ba. Goɗiya ta ƙwarai ba ta san ta ce ta gaji ba, mai ita ne zai sani a madadinta.

Kada ka ɗauka ina goyon bayan abokinka mai cewa a kai ta barbara ne. Shi ma lissafinsa da gyara. Ya ji Turawa suna janye doki daga tsere yana shekara uku, bai tambayi wane doki ba. Ingarma suke gaggawar janyewa, don a shekara ɗaya zai hau goɗiya fiye da ɗari, kowace da kuɗinta. Goɗiya fa? Wata goma sha ɗaya tana ɗauke da ciki, ɗa ɗaya a shekara, in Allah ya sa ta ɗauka, in ya sa ya zo da rai. Wata goɗiyar Ostareliya, Winx, ta ci tsere 33 a jere, cikinta na fari a 2020 bai zo da rai ba. Na biyun kuma aka sayar dalar ƙasarsu miliyan 10. Ka ga barbarar ma ba tabbas gare ta ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bakin mutane haka ne, amma ni na yi shekara talatin ina duba dawaki, na ga albasa da yawa da ba ta yi halin ruwa ba.

Ko masu abin ba su daidaita ba. Marigayi Aga Khan, wani attajiri mai kiwon dawakin tsere, ya taɓa mallakar wata goɗiya Zarkava, tsere bakwai ta yi ta cinye duka, na ƙarshe shi ne babban tseren Faransa da suke kira Arc, mita 2,400, a 2008, ta doke maza. Tana shekara uku ya ce ya isa, ya mai da ita gona. Mutane suka yi ta ƙorafi an hana su kallo. Ta haifi Zarak, ya ci babban tsere, yau shi ma 'ya'yansa na ci. Marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya kuwa ya bar goɗiyarsa Enable tana gudu har shekara shida. Ta ci Arc a 2017 da 2018, aka ce a nemi na uku, abin da ba dokin da ya taɓa yi. Ta zo ta biyu a 2019, ta shida a 2020, ta koma gida da ƙafarta lafiya. Wa za ka ce ya yi kuskure? Amma ka lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane ba kuɗin abinci suke nema a kofaton doki ba, kuma kowace safiya akwai likita da ke shafa agarar goɗiyar. Ku uku kuwa na san yadda kuka haɗa kuɗin nan, mahaifiyarka ta gaya mini batun babur ɗin da ka sayar.

Abin da ya hana ni dariya a karo na biyu ke nan. A duk saƙonka ka faɗa mini nawa ta ci, ka faɗa mini mutum nawa suka kalli bidiyonta, ba ka faɗa mini ko tana cinye abincinta ba. Ku yaran yanzu a waya kuke sanin dokinku. Kun bar shi hannun yaron barga, sai ranar sukuwa ku zo da babbar riga a ɗauke ku hoto. Mu kuwa da warin fitsarin doki muke gane ba shi da lafiya. Sannan ina jin abin da ake yi a wasu filayen, allurar kashe zafi kafin gudu, doki na ɗingishi jiya yau ya fito kamar aljani. Ciwon yana nan, jinsa ne kawai aka ɗauke. Ban ce kuna yi ba. Ban kuma tambaye ka ko ana ɗora kuɗi a kanta a gefe ba, don ba na son ka yi wa Baffanka ƙarya.

Sukuwa ukun nan ma, da wa ta yi? Doki ɗaya a fili gudu gare shi. Ta haɗu da 'yan Sudan, ko na unguwa ta tarar? Kuma in barbarar ce, wane ingarma? Ko ba ku kai nan ba tukuna? Shekara huɗu ba tsufa ba ne, goɗiya tana haihuwa har ta haura goma sha biyar, ba abin da ke kore ku. Taura biyu dai ba ta taunuwa. Ranar da kuka kai ta wajen ingarma, a rataye sirdin, ko wa ya yi muku dariya.

Gunyar nan ta ƙara haihuwa huɗu a gidanmu. Kakanka bai sake hana ni kai ta tafki ba, ni ne ban sake sake mata kai ba. Da kuɗin ɗanta na biyu aka yi mini kayan tafiya makaranta.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe da sassafe, kafin a fita da ita ƙilisa, ka je bargar da kanka, ba aike ba. Ka sa tafin hannunka a bayan ƙafafunta na gaba, daga gwiwa zuwa kofato, ka ji ko ɗaya ta fi ɗaya ɗumi ko kumburi. Ka leƙa kwanon dusarta. Sannan ka sa a ja ta da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ka ɗauko mini da wayar taka ta gaba da ta baya, ka turo wa ƙanwarka. In na gani sai mu ƙarasa maganar. Kafin nan kada a rubuta sunanta a kowace sukuwa, ko abokanka sun matsa, ka ce Baffa ne ya hana.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.