Wai me suke yi da mujiya cikin dare?

Tambaya: Malam na ga bidiyon wasu Turawa a Amurka suna kama 'yar ƙaramar mujiya da dare, tsafi ne ko me?

Amsa: Haba ɗan'uwa, bincike ne. Saw-whet ake ce mata, idonta rawaya, nauyinta wajen giram 80 zuwa 100. A Oktoba da Nuwamba lokacin ƙaurarta sai su kafa raga mai laushi su kunna kukan namijin a sifika, ana leƙawa akai-akai kar ta galabaita. In ta faɗa a auna ta, a sa mata zobe mai lamba a ƙafa, a haska fiffiken da fitilar UV (irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita), sabon gashi ruwan hoda yake fitowa, nan ake gane shekarunta, sai a sake ta. Amma fa sai da lasisin gwamnati.