Kofi ko Sikeli: Da Wanne Zan Auna Abincina?

Tambaya: Likita ya ce in riƙa auna abincina. Shin kofi mai mililita 240 yana ɗaukar giram 240 na kowane abinci?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Kofi yana auna gurbin da abinci ya cike ne, sikeli kuwa nauyinsa yake nunawa, kuma a ruwa ne lissafin biyu ke haɗuwa, domin mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Kofin garin alkama kusan giram 125 ne, har ma yakan ƙaru idan an danna garin, alhali kofin zuma yana kai kusan giram 340. Tunda umarnin likita ne, sikeli ya fi miki. Kofin kuma ki ajiye shi don madara da makamantanta.